Motata Ta Daina Ja, Bakanike Ya Ce Sai An Sauke Inji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Yelwa, cikin garin Bauchi, kuma harkata kan kai ni Jos kusan duk mako. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai giyar atomatik. Da safe ki ɗaya take tashi, sulonta lafiya lau, a cikin gari ma ba ka cika gane tana da matsala ba. Amma da na hau titin Jos, kafin in wuce Nabordo sai jikinta ya mutu. Ko na danne totur har ƙasa, allurar inji ba ta wuce 3,000, sai gurnani kawai. Da ƙyar take kai 80, a kan hawa kuwa har tirela sai ta wuce ni. In na tsaya na minti goma sai ta ɗan farfaɗo, can kuma ta koma gidan jiya. An canza filogi, an wanke nozul sau biyu, an sa wani famfon mai ɗan Beljiyam, duk ba ta sake zani ba. Da daminar da ta wuce ta yi kusan wata biyu tana misin, wutar cek injin tana ƙiftawa, kafin na samu hali aka canza kwayil ɗaya. Yanzu bakanikena ya ce ringi ne ya mutu, sai an sauke inji. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda tukuna. Ba muna cewa bakaniken naka zai cuce ka ba ne, amma bayanin da ka yi bai yi kama da ciwon ringi ba. Injin da ringinsa ya mutu yakan sha baƙin mai kamar ruwa, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, ya jiƙa filogi da mai, kuma rauninsa ɗaya ne safe da yamma, cikin gari ko kan babban titi. Ringin da ya cinye ba ya hutawa minti goma a gefen hanya ya dawo da ƙarfinsa. Ita kuwa taka tana farfaɗowa. Daga nan ne ya kamata a fara bin sawu.

Ka yi kyakkyawar lura da ka faɗi inda allurar inji take tsayawa, domin ita ce ke raba gardamar farko. In mutum ya taka totur allurar ta harba 4,000 ko 5,000, inji yana ihu amma motar ba ta ƙara gudu, to injin yana da ƙarfinsa, ƙarfin ne ba ya isa taya. Wannan aikin giyabos ne, ko kuloci a mota mai giyar hannu. Taka akasin haka ce, allurar ce da kanta ta kasa hawa. Injin ne aka shaƙe ko ake wa horon yunwa. Duk da haka ka zaro sandar man giya ka duba, inji yana aiki kuma ya yi zafi, giya a kan P: ja ya kamata ka gani, ba baƙi mai warin ƙuna ba. In ka same shi ja, ka cire giyabos daga lissafi, ko da tana jinkirin canza giya. Inji mara ƙarfi yakan sa atomatik ta riƙa laluben giya a kan hawa, kuma giyabos da yawa an kwance su a kan laifin da ba nasu ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin ko sisi, ka gama da su da kanka. Ka duba ko shimfiɗar ƙasa ta naɗe a ƙarƙashin totur. Ka auna iskar taya bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Bayan tafiyar kilomita biyar ko shida ba tare da yawan taka birki ba, ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa ne ke riƙewa. Sannan ka sani hanyar ita kanta hawa ce. Bauchi tana kan tudun kusan mita 600, Jos kuwa kusan 1,200, kuma inji irin naka yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300 saboda iska tana raguwa. Wato ko sabuwar mota ce za ta isa Jos da ragin kashi 6. Wannan ragi ba ya hana Corolla wuce 80, balle har tirela ta bar ta a baya.

Wanda muka fi zargi shi ne salansa, a daidai tukunyar katalis mai tace hayaƙi, abin nan da 'yan gareji ke kira indomi. Kai da kanka ka kawo shaidar a ƙarshen wasiƙarka, wataƙila ba ka ɗauke ta da muhimmanci ba: wata biyu tana misin, wuta tana ƙiftawa.

Ga yadda abin yake. Inji yana ƙona iska kashi 14.7 da fetur kashi 1 a nauyi, wato kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Duk wannan iskar da ta shiga dole ta fita ta salansa, kuma sai ta ratsa indomin, wanda dunƙule ne na tangaran mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. A aikinsa na yau da kullum zafinsa kan kai digiri 400 zuwa 800. Lokacin da kwayil ɗinka ya mutu, silinda ɗaya cikin huɗu ba ta ƙona manta, ɗanye take turo shi cikin salansa, ya je ya kama da wuta a cikin indomin. Zafin ya haura 1,000, tangaran ya fara narkewa, ramukan su liƙe, wani ɓangaren ya farfashe. Abin da ƙiftawar wutar cek injin ke nufi ke nan. In ta kama ta tsaya cak, gargaɗi ne cewa a je a duba. In tana ƙiftawa, cewa take yi misin ɗin ya kai matakin da zai kashe katalis, a sauka daga kan totur. Canza kwayil ya kawar da misin, amma ɓarnar da ya yi tana nan kwance a ƙarƙashin mota.

Ka gwada wannan da alamomin da ka lissafa. A sulo da zirga-zirgar tsakanin Yelwa da Wunti hayaƙin kaɗan ne, 'yan ramukan da suka rage sun ishe shi, shi ya sa ba ka ganin komai. A kan babban titi hayaƙin ya ninka sau da yawa, ya rasa mafita, ya taru ya koma baya. Silindar da ba ta amayar da tsohon hayaƙi ba kuwa ba ta da wurin karɓar sabuwar iska. Sai ka danna totur ka ji gurnani mai nauyi, allura ta kafe a 3,000. Ka tsaya, ƙarfe ya huce, gutsattsarin da iska ta tura suka toshe hanya su zube ƙasa, ka samu 'yan kilomitoci kafin su sake taruwa.

Zargi dai ba hujja ba ne, kuma abin da ya cinye maka kuɗi zuwa yanzu shi ne sayen kaya a kan zato. Saboda haka a auna. Hanya mafi tsafta ita ce a kwance sensar iskar oksijin ta gaba, wadda ke kafin indomin, a ɗaura gejin matsi a raminta. A sulo bai kamata ya wuce psi 1.5 ba (psi shi ne ma'aunin matsi da ke jikin gejin). A riƙe inji a 2,500. In ya haura psi 3, salansa a toshe take, magana ta ƙare. In babu wannan gejin, a nemi na zuƙar iska a ɗaura a ɗaya daga cikin ƙananan tiyoyin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska. Lafiyayyen inji yakan nuna inci 17 zuwa 21 a sulo, a Bauchi ka rage kamar inci biyu saboda tudu. A kai shi 2,500 a riƙe na minti ɗaya. Allurar ta faɗi ta dawo ta tsaya, lafiya. Ta riƙa zamewa ƙasa a hankali alhali ƙafa ba ta motsa ba, hayaƙi ne ke taruwa.

In garejin ba su da ko ɗaya, akwai dabarar da kowane bakanike ya sani. A cire waccan sensar ta gaba a bar ramin a buɗe, ko a sassauta mahaɗar salansa da ke gaban indomin, a fita da motar gajeriyar tafiya. Za ta yi ƙara kamar babur mai fasasshiyar salansa, wutar cek injin ma za ta kama, duk ba komai. Abin dubawa shi ne allura. In ta tsallake 3,000 ta nufi 5,000 motar ta zabura, ka kama ɓarawonka. A kula dai, hayaƙin da ke fita ta ramin nan yana iya narkar da waya ko roba, don haka kilomita ɗaya ko biyu ya isa, gilasai a sauke. Kafin duk wannan, da safe tun salansa na sanyi, ka sa a bubbuga tukunyar da tafin hannu. In ka ji kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, tangaran ya farfashe.

Na biyu a layin zargi shi ne mai. Za ka ce ai an canza famfo. An canza, amma ɗan Beljiyam aka sa, kuma ba ka ce an auna shi ba. Famfon da aka ciro daga tankin wata motar sayen kifi a ruwa ne, yana iya fin naka gajiya. Raunanan famfo yana kwaikwayon toshewar salansa sosai: yana ciyar da inji a sulo, ya gaza a kan hawa, ya ƙara rauni in ya yi zafi, ya farfaɗo in ya huta. Ɗan bambancin da direba kan ji shi ne, mai ƙarancin mai takan yi fizge-fizge, kamar ana ba ta ana janyewa, mai toshewar salansa kuwa nauyi take yi bai ɗaya kamar an ɗaura mata tirela a baya. Amma kunne da ƙafa suna yaudara.

Gwajin da aka saba yi a gareji, a zare tiyo a murɗa ki a ga mai ya yi tsartuwa a ce famfo lafiya, ba gwaji ba ne. Ko famfon da ya kusa mutuwa zai yi tsartuwa in babu abin da ya tare shi. A injin motarka, wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, matsin mai psi 44 zuwa 50 ne, kuma sai an haɗa geji a layin man kafin a san shi. A duba a sulo, a kuma duba lokacin da aka watsa mata wuta; in allurar gejin ta faɗi maimakon ta tsaya, man ba ya isa. Bayan an kashe inji ya kamata ya riƙe aƙalla psi 21 na minti biyar. In matsin ya gaza, kada a yi saurin ɗora wa famfo laifi. A wannan motar filtar mai tana cikin tanki, a jikin gidan famfon, ƙarƙashin kujerar baya, kuma sau da yawa akan canza ɗan injin famfon a mayar da tsohuwar filta da tsohon rariyar da laka ta cika. Sannan rewaya ya auna wutar da ke isa famfon. In ta gaza ta batir da fiye da bolt ɗaya, akwai waya ko soket da ya ci wuta, kuma ko sabon famfo fil aka sa haka zai yi. Aikin nan a yi shi a fili, nesa da mai walda da mai shan taba.

Abin da ke kashe famfo a 'yan shekarun nan sananne ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa da wutar rizab a kunne suke yawo, a sa lita uku yau, lita biyar gobe. Famfon a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana gasa shi. Ƙara da man galan na 'yan bumburutu, wanda ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, ga ƙura ga ruwa. In da hali, kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, musamman ranar tafiyar Jos.

Wankin nozul sau biyu kuwa, an bar jaki ana dukan taiki. Nozul mai datti yakan ɓata sulo, ya kawo rawar inji, kai kuma ka ce sulonka lafiya lau.

Ɓangaren shigar iska ba ka ambace shi ba sam, kuma a ƙasar da hunturu ke rufe gari da ƙura wata uku ko huɗu, bai kamata a tsallake shi ba. Ka buɗe akwatin filtar iska, kilif ne kawai ke riƙe da shi. Ka ɗaga filtar ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Kada ka kai wa mai faci ya hure ta da injin iska. Ƙurar sama za ta tashi, amma takardar za ta yage ta inda ido ba ya gani, daga nan ƙasa ta riƙa shiga inji kai tsaye. Wannan ita ce hanyar da ringi ke mutuwa da gaske. Ka leƙa cikin akwatin da bututun da ke kawo masa iska, domin leda, tsumma, har sheƙar ɓera ana samu.

Daga akwatin, a wuyan bututun, akwai wata 'yar na'ura mai soket da sukurori biyu ke riƙe da ita. Ita ce ke auna yawan iskar da ke shiga ta gaya wa burenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, shi kuma ya ba da mai daidai da abin da aka gaya masa. A cikinta akwai siraran wayoyi masu zafi. In ƙura ta lulluɓe su, sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya shiga, burenbos ya rage mai, mota ta rasa ƙarfi daidai lokacin da ake nemansa. Ana wanke ta da feshin da aka yi don ita ko na wanke kayan lantarki, a bar ta ta bushe minti goma. Ba a sa mata fetur, ba a goga mata burushi ko tsinke, ba a hura mata iska. Yaran gareji sun kashe da yawa da kyakkyawar niyya. Ka kuma lanƙwasa babban tiyon baƙin da ke tsakaninta da inji, ka duba cikin lanƙwasar ko ya tsage.

Duk waɗannan ukun, wato salansa, mai da sensar iska, kwamfuta tana iya raba su cikin rabin sa'a in mai riƙe da ita ya san abin da yake kallo. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari don wannan aiki. Matsalar ita ce yawancin abin da ake kira sa wa mota kwamfuta a wurinmu bai wuce a karanta lamba a goge ba, wuta ta mutu, mai mota ya biya ya tafi, bayan kwana uku ta dawo. Kada ka bari a goge komai sai ka rubuta lambobin a takarda. P0300 zuwa P0304 misin ne, daga P0301 lambar ƙarshe ita ce silindar. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, P0172 akasin haka. P0420 na cewa indomin ya daina tace hayaƙi, amma ka lura, bai ce ya toshe ba, kuma wanda ya toshe yana iya ƙin nuna lamba ko ɗaya. Lambar tana nuna unguwar da ɓarawo yake ne, ba ta nuna gidansa.

Abin da za ka nema shi ne ya shiga motar da na'urar a hannu, ku hau titi, ya kalli lambobi biyu suna motsi. Ta farko iskar da ke shiga: a sulo, inji da zafi, esi a kashe, kusan giram 2 a daƙiƙa, totur a ƙasa, allura a sama, lafiyayyen injin nan yakan haura giram 80. Ta biyu ita ce gyaran da burenbos ke yi wa mai, a na'urar za a ga STFT da LTFT, kuma jimillarsu bai kamata ta wuce 10 sama ko ƙasa ba. In gyaran ya yi sama a sulo ya sauka da an ba ta wuta, iska ce ke sata ta wata kafa, kuma gaskit ɗin manifol na wannan injin ya yi suna a kan haka. In lafiya yake a sulo amma yana hawa 15, 20 yayin da gudu ke ƙaruwa, to famfo ne ko sensar iskar. In kuwa iskar da ke shiga ta kafe ƙasa, ta ƙi ƙaruwa duk da totur na ƙasa, gyaran man kuma yana nan daidai, injin ba ya iya numfashi ne. Mun dawo kan salansa ke nan.

Yanzu maganar ringi. Don a yi wa bakanikenka adalci, injinan 1ZZ na farko-farko an san su da shan baƙin mai, don haka ba daga sama ya ɗauko zancen ba. Amma akwai awo, kuma bai kai sa'a ɗaya ba. Inji da ɗumi, a cire filogi huɗun duka, a katse mai da wutar kwayil, totur a buɗe, a ɗaura gejin kwamfireshan a kowace silinda a murɗa ki. Ƙa'idar Toyota psi 189 ce, mafi ƙaranci 145, kuma bambancin wata silinda da wata kada ya wuce 15. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin filogi a sake aunawa. Lambar ta tashi sosai, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kai, kuma wannan saman inji kawai ake buɗewa. In duka huɗun sun haura 145 kuma suna kusa da juna, babu dalilin sauke injin nan. Ka ce masa cikin mutunci, "Oga, a auna min kwamfireshan tukuna in ga lambar da idona." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba. Tunda an riga an ciro filogin, ka jera su ka kalla: ruwan toka-toka lafiya, baƙin gawayi busasshe mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan, jiƙaƙƙe da baƙin mai shi ne ke goyon bayan bakanike. Tazarar bakinsu milimita 1.1 ce, kuma jabun filogi masu sunan Denso da NGK sun cika kasuwa, ka san inda aka sayo naka.

In awo ya tabbatar da indomi ne, a nan za a ba ka shawarar da aka saba: a fasa tukunyar a zubar, a mayar da ita fanko. Gaskiya ƙarfin mota zai dawo. Amma wutar cek injin za ta zauna a kunne har abada, ta yadda ranar da wata sabuwar matsala ta taso ba za ka sani ba. Hayaƙin zai yi wari, kuma gubar da tukunyar ke ragewa, wadda ba ta da launi ba ta da ƙamshi, za ta riƙa fita cikakkiya. Ga mai ɗaukar iyali a kujerar baya ko mai tayar da mota a cikin rufaffen gareji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shawararmu a sa wani, a kuma haska shi da tocila kafin a biya: ramukan su fito reras, haske yana ratsawa, babu narkewa babu kacau-kacau. Ka kuma sani abin da ake cewa a zubar ɗin ba shara ba ne. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu sayensa ko ya farfashe. Shi ya sa wasu ke saurin cewa a cire ko da lafiyarsa ƙalau. Ka tsaya a wurin lokacin da ake kwancewa, ka ga toshewar da idonka, ka karɓi tsohon kayanka, kuɗinsa zai rage maka na sabon. A kuma girgiza tukunyar baya, domin gutsattsarin kan gangara su maƙale a can, a canza indomi mota ta ci gaba da nishi a rasa dalili.

Kafin a ɗaura sabon, a tabbatar abin da ya kashe na farko ya kau, in ba haka ba shi ma wata shida ba zai yi ba. Kwayil ɗaya ka canza, sauran ukun sa'anninsa ne. In kwamfuta ta nuna, misali, P0302, a musanya kwayil na biyu da na uku. Lambar ta koma P0303, kwayil ne, ta tsaya inda take, a duba filogi da nozul na wannan silindar. A leƙa ramukan filogi ko baƙin mai ya taru daga gaskit ɗin murfin sama, domin shi ke cin kwayil. Sannan ka tambaya ko tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, na nan. An saba cire shi da zarar mota ta shigo ƙasar nan, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu zafi. Na motarka a digiri 82 yake buɗewa. In babu shi, da asubar hunturu a kan titin Jos injin ba ya kai zafin aikinsa, burenbos ya ɗauka har yanzu ana ɗumama shi, ya yi ta zuba mai fiye da kima, rarar ta tafi salansa. A mayar da shi, a mayar da fanka kan sensarta.

Kafin a yi awon nan, in akwai yadda za ka yi, ka shiga motar haya zuwa Jos. In dole sai da taka, kada ka yi gigin wuce tirela a hawan da ke tsakanin Nabordo da Tilden Fulani da motar da ba ta amsa totur, ka kashe esi a kan hawa, ka sa ido a kan allurar zafi domin toshewar salansa tana dafa inji. In ka tsaya don ta huta, ka nemi fili mai tsakuwa ko ƙasa. Tukunyar da ta toshe takan yi ja kamar garwashi, kuma busasshiyar ciyawar gefen titi a lokacin rani ba ta buƙatar fiye da haka.